Tunau, Mai Ɗaura wa Ƙarfe Aure

Ku da kunka san Tunau maƙeri na bakin kasuwar Jega, ba sai na tuna muku yadda yake gaisuwa ba. Kowane Musulmi in ka yi masa sallama, amsawa yake yi, ya tambaye ka gida da iyali da gajiya. Tunau kuwa, Allah ya jiƙansa, kafin bakinka ya rufe ya riga ya miƙo baƙin tafin hannunsa yana cewa, "Wa alaikumus salamu. Kawo wuƙarka in gani." In ka ciro ta daga aljihu, sai ya buɗe ta, ya goge ta da bakin rigarsa wadda ta fi gawayi baƙi, ya karkata ta wajen rana, ya rufe ido ɗaya. Abin da yake nema shi ne wani siririn layi mai bin kaifi tun daga gindi har tsini. In ya gan shi, sa'an nan ya tambaye ka mutanen gida. In bai gan shi ba, sai ya ninke ta da yatsu biyu kamar wanda ya taɓa mushe, ya ce, "Tuzuru." Ran nan ba za ka ji yadda ya kwana ba, shi ma ba ya bukatar jin yadda ka kwana.

Saboda yaran yanzu, waɗanda sunka tashi sunka tarar da kanti a buɗe, har suna zaton wuƙa tsirowa take yi cikin akwatin Bature, ya kamata in bayyana abin da yake nufi. A wurin Tunau ƙarfe jinsi biyu ne. In masu tama sunka narka dutse sunka kawo masa dunƙule, sai ya farfasa shi ya ware. Mai tauri, wanda ke ɗaukar kaifi amma ya karye in an matsa masa, shi ne namiji. Mai taushi, wadda ke lanƙwasawa ba ta karyewa amma ba ta yanka ko kabewa, ita ce mace. Sai ya buga macen ta yi faɗi, ya ninke ta biyu, ya saka siririn namiji a tsakiya, ya barbaɗa musu yashi mai laushi, ya mai da su wuta har su yi fari suna tartsatsi, kana ya ciro su ya buge su su zama jiki ɗaya. Wannan shi ne ɗaurin aure. Layin nan, inda mace ta ƙare namiji ya leƙo, shi yake kira igiya. Ƙahon da ake ninke wuƙar a cikinsa shi ne ɗakinta. Wuƙar da anka ƙera da ƙarfe guda, daga baya har kaifi, ita ce tuzuru, kuma bai san zagin da ya fi wannan ba.

Ni taubashinsa ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Na yi fatauci, na ga Gwanja, na komo na naɗa rawani, manyan Jega suna ce mini Malam Arzika. Amma wannan mutum mai warin hayaƙi bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Bawana", ko a gaban surukaina.

Dukiyarsa duk duniya ɗaya ce, uwar maƙerar da ya gada, wadda kakanninsa sunka yi ƙira a kanta tun kafin Jega ta cika. Ɗansa namiji kuma ɗaya ne, Labbo, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya kwaso taurin kan uban bai bar ko ɗigo ba. Kowa ya san ranar da Tunau ya faɗi, Labbo ne zai zauna gaban uwar maƙerar nan. Da haka abin zai kasance, in ba don Nasara ba.

Da Nasara sunka ci ƙasa, ba a daɗe ba 'yan kasuwarsu sunka biyo gulbi da hajarsu, a ciki har da wata 'yar wuƙa mai ninkewa. Tana ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a jikinta, kuma akwai wani ƙarfe mai tsalle a bayanta, in an buɗe ta ta ce ƙyas, in an rufe ta ta ce ƙyas. Wannan ƙyas ɗin shi ya ɗebe hankalin Jega. Mahauta, manoman albasa, dattawa masu furfura waɗanda ya kamata a ce suna jan tasbaha, sai ga su a gindin itace suna ƙyas, ƙyas, kamar yaran da sunka kama fara. Tir! Tunau ya miƙe a tsakiyar kasuwa ya rantse cewa, muddin yana numfashi, ba za a haifi tuzuru a kan uwar maƙerarsa ba, kuma wanda ya haife shi ba zai gaje ta ba. Labbo yana tsaye yana ji.

Ni na fara kai masa ita, don in ji daɗin ganin fuskarsa. Na ce, "Ubangidana, ga tsaraba."

Ya juya ta, ya sunsuna ta, ya ce, "Bawana, ina igiya?"

Na ce, "Wagga ba ta bukatar igiya. Duk jikinta namiji ne. Ko ka wasa ta har ta koma tsinke, kaifi kake tararwa."

"Duk jikinta namiji! Ka taɓa ganin gidan da ba kowa sai maza? Wanga ba gida ba ne, bariki ne."

Kafin in amsa ya kama tsininta da awartaki, ya danna. Sai ji na yi ƙas! Rabinta ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furar wata Bafillata da ke wucewa.

Na ce, "Kai, la'ananne, ka karya mini wuƙa!"

Ya ce, "Ni ban karya ta ba. Magana ɗaya na yi mata ta yi zuciya. Wanda bai da mai ba shi haƙuri cikin gida, haka shika yi."

Ya ɗauko tasa ya danna, ta lanƙwashe kamar lauje, ya ɗora ta kan uwar maƙera ya miƙe ta da bugu kaɗan. Ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani, amma ban taɓa jin mai hankalin da ya sayi wuƙa don ya tanƙwara ta da awartaki ba. Ya ce ai ba don masu hankali yake ƙira ba, don mutanen Jega yake yi. Furar Bafillatar kuma ni anka kama, domin wuƙata ce ta faɗa ciki.

Kada wani ya zaci aurensa bai taɓa ɓaci ba. Gado mahauci, wanda ya daɗe yana sayen wuƙa wurinsa, ya zo wata safiya da yatsa a naɗe da tsumma, fuska kamar hadari. Ya jefa wuƙa gaban Tunau, ga ta ta dare a bakin igiya, mace ta ware gefe, har ana iya cusa farce a tsakani.

Gado ya ce, "Ga aikinka. Ta rabe biyu."

Tunau ya duba, bai ko girgiza ba. Ya ce, "Yaji ta yi. Mi ka yi mata?"

"Mi na yi mata? Wuƙa ce, nama na yanka!"

"Ka bar ta ta kwana da jini?"

"Wata rana."

"Ka sare ƙashi da ita?"

"Ƙashin akuya ne, ɗan ƙarami."

"Ka bar ta ta kwana cikin ƙazanta, ka sa ta aikin gatari, sa'an nan ka zaka kana ƙara. Gado, da wurin alƙali na kai ka, da ba ka kwana gida ba. Bar ta nan, in yi maka biko."

Gado ya ɗaga yatsa ya ce, "To, wannan fa? Ina cikin aiki ta ninke a kaina. Ta kanti tana da abin da ke riƙe ta, ba ta ninkewa sai an ce ta ninke."

Tunau ya ce, "Mace za ta shiga ɗakinta, kai mi ya kai yatsanka bakin ƙofa?"

Gado ya ce ta kanti dai ba ta yaji. Tunau ya ce, "Wanda bai yi aure ba, wa zai yi mishi yaji?" Duk maƙera anka yi dariya, har da Gado. Da ya gama dariyarsa kuwa, sai ya miƙe ya tafi kanti. Wuƙar an yi mata biko, ta koma lafiya lau, amma mijin ne bai komo ba.

Wata shekara bayan an cire albasa, wani manomi na Aliero ya gayyace mu suna. Anka kawo gasasshen rago, mai gida ya sa hannu aljihu, ƙyas, ya shiga rarraba nama. Tunau ya janye hannunsa ya cusa cikin riga. Limamin unguwar ya lura, ya ce, "Malam Tunau, ai halal ne. Ni na yanka da hannuna."

Ya ce, "Allah shi gafarta malam, ban ce haram ba. Cewa na yi ban ci."

Mun yi tafiya tun hantsi, na san cikinsa kuka yake yi. Ya daure, ya daure, ƙamshi yana dukansa. Can sai ya ciro tasa wuƙar, ya jawo rabonsa, ya sake tsaga kowace tsoka biyu, ya ce, "Yanzu ya ratsa hannun masu iyali," ya cinye, ya kuma miƙa hannu cikin nawa.

Na ga dama ta samu. Matarsa, uwar Labbo, ta daɗe da rasuwa, bai kuwa sake aure ba. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Jama'a, ku dubi mai zagin tuzurai. Shi da yake kwana shi kaɗai, daga shi sai zugazugi!"

Ya lashe yatsunsa a natse, ya ce, "Bawana, jahilci bai bar ka ba. Gwauro dabam, tuzuru dabam. Ni an sa ni wuta, an barbaɗa mini yashi, an buge ni." Ya nuna layin da ke goshinsa. "Duba nan. Igiyar tana nan, ba ta ɓace ba." Mutane sunka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san matar, na kuma san abin da ya sa bai sake ba.

Ana nan sai tama ta yanke. Fatake sun fara kawo guntayen ƙarfen hanyar jirgi daga gabas, masu araha, masu tauri, ba wahalar sara itace, ba wahalar gina murhu. Masu narka dutse na wajen Maiyama sunka ga wahalarsu ba ta biya, sunka koma noma. Mazan ƙarfe sunka cika kasuwa, mata babu. Labbo ya ce wa uban, "Baba, ga ƙarfe nan zube. Lokacin da kake ɗaura aure ɗaya, ni sai in ƙera tarin wuƙaƙe. Yara suna cin tuwo, ba su cin igiya." Tunau ya ce wanda ya haifi yaran shi ya san dabarar tuwonsu, ya ɗaura wa jaki mangala, ya ce ya tafi neman aure.

Na raka shi, domin ban yarda in ji wannan labari a bakin wani ba. Munka bi Maiyama, Mungadi, har Karaye, gida gida, yana tambayar tsofaffin hauyoyi da garemani na tama waɗanda sunka cinye anka jefar bayan rumbu. Su yake kira zawarawa. A Karaye wani tsoho ya fito da wata hauya da ta koma kamar tafin hannun jariri. Tunau ya ƙwanƙwasa ta, idonsa ya yi haske.

Ya ce, "Baba, ina son bazawarar nan."

Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Bazawara? Ɗiyata tana ɗakin mijinta, bawan Allah."

"Wadda ke hannunka nika nuhi."

"Hauya?"

"Ta san wahala, ta san rana, ba ta da yawan magana. Irinta nika nema."

Tsohon ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Malam, ɗan'uwanka ne? Kun gwada kai shi wurin masu rubutu?" Na ce mun gwada, allon ne ya tsage. Ya ba da hauyar kyauta saboda tausayi, har ya ƙara mana da gero.

Na ce wa Tunau, to, ga amare, ina angwaye, tun da tamar da yake ciro namiji a ciki ta ƙare? Sai ya kwance wani ƙunshi daga ƙugunsa. Me zan gani? Karyayyun wuƙaƙen kanti, har da rabin tawa! Ashe bin mahauta yake yi yana tsincewa. Na ce, "Kai, munafuki! Ba su ne tuzuran ba?" Ya ce, "Ƙarfensu namijin kirki ne, ban taɓa musu ba. Tarbiyya ce babu. In na haɗa shi da 'yar Karaye, ka ga yadda Bature ka natsuwa."

Munka komo Jega da mangala cike da zawarawa. Tun daga bakin kasuwa munka hangi mahauta a ƙofar maƙera. Labbo ne zaune a mazaunin uban, ya shimfiɗa wuƙaƙe masu ninkewa bisa tabarma, na ƙarfen jirgi zalla, mutane suna wawaso. A kan uwar maƙerar ya ƙera su.

Tunau bai yi faɗa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ya sauke mangala, ya durƙusa, ya girgiza uwar maƙerar har ta tumɓuke daga ƙasa, ya rungume ta yana nishi, ya ratsa kasuwa da ita har ƙofar gidana. Ya kafa ta a gindin darbejiyar zaure, ya ce, "Bawana, na ba ka. Ka ɗaure jakinka." Na ce ni ba maƙeri ba ne. Ya ce, "Shi ma wancan ba maƙeri ba ne, kuma jakinka ya fi shi jin magana."

Na ɗaure jakin kuwa. Turke ne mai kyau, ban taɓa samun irinsa ba.

Labbo ya kafa tasa rumfa a bayan dangar gidan uban, yana ƙira kan wani guntun ƙarfen jirgi. Tunau ya ci gaba da ɗaurin aurensa a kan dutse, yana sayar wa makiyayan Sarandosa da 'yan tsofaffin da sunka rage da hankali. Uba da ɗa, danga ɗaya ke tsakaninsu, sunka daina magana. In Labbo ya gaishe shi, sai ya amsa wa iska. In matar Labbo ta kai tuwo, ya ci, ya ce a gode wa maƙwabta. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ba wanda ya lanƙwasa. Ni kuwa na gaya wa kowannensu a fuskarsa cewa duk jikinsa namiji ne.

Sa'an nan ciwo ya kama Tunau a ƙirji, masaba, gudumar ƙira, ta fi ƙarfin hannunsa, ya kwanta. Wata safiya ina zaure sai ga Labbo, ya durƙusa nesa, yana wasa da ƙasa.

Ya ce, "Baba Arzika, ka ara mini turken jakinka na yini ɗaya."

Na ce, "Jakin fa?"

"A ɗaure shi ga ƙafata in ana so."

Na ce ya ɗauka, ni kuma na tafi na zauna kusa da gadon Tunau, ban ce masa kome ba. Can sai zugazugi ya fara numfashi a bayan danga. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, bai tsaya ba. Tunau ya buɗe ido ya ce, "Wane wawa ne ke ɓarnar gawayi haka? Tuzuru bai bukatar wuta irin wagga." Na ce ban sani ba. Sai bugu ya fara, ba irin na kullum mai amo ba, wani bugu mai taushi, da sauri da sauri. Ya ɗago kai daga matashi.

Ya ce, "Bawana, ka ci amanata. Wagga muryar uwar maƙera ce."

Na ce, "Jakina ya gaji da ita."

Bai ji ni ba. Kunnensa yana wajen danga, yatsunsa suna motsi bisa bargo. Zugazugi ya sake tashi. Sai ya yunƙura, mutumin da ko ruwa sai an ɗaga shi, ya kwarma ihu: "Ya yi saurin cirewa! Kai, yashi! Sa musu yashi!"

Daga bayan danga Labbo ya amsa, "Na sa, Baba!"

"Ƙara! Rowa kake yi wa yashi? Bari su yi hwari, ɗan banza, kada ka raba su!"

"Sun yi, Baba!"

"To, buga! Daga tsakiya! Daga tsakiya na ce!"

Maganar farko ke nan da ta ratsa dangar nan tun ranar da anka tumɓuke uwar maƙera, kuma duk unguwa ta ji ta. Da bugun ya tsaya, ya koma ya kwanta yana haki, zufa ta jiƙa masa gemu. Sa'an nan ya ce, "Limamin jahili ne, amma auren ya ɗauru."

Na ce, "To, uwar maƙera fa? In mai da ita wurin jaki?"

Ya ce, "Taka ce, na riga na ba ka, ban kuma yin magana biyu. Amma ka ba shi aro." Ya kama hannun rigata. "Aro na ce, Bawana. Kada ka ce mishi gado."

Bai daɗe ba bayan wannan. Ku da kunka yi masa salla kun sani.

Har yau Labbo tuzurai yake ƙera wa kasuwa, domin mutanen Jega ba su canza ba, ba kuwa za su canza ba. A ba su abu mai ƙyalli mai ƙara, su manta da wanda ya ƙera wa kakanninsu. Amma a kan guntun ƙarfen jirgi yake buga su. Uwar maƙerar tana gefe a rufe da fata, sai in makiyayi ya zo neman mai igiya yake buɗe ta. Ba ni na sa shi ba, ba wanda ya sa shi. Duk ƙarshen shekara yakan zo zaurena ya durƙusa ya ce, "Baba, aron nan, ko ana bukata?" Ni kuma in ce jakin ya saba da sabon turke, a bari sai baɗi.

Allah ya jiƙan Tunau, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya sanyaya masa makwanci bayan zafin wutar da ya sha. Allah ya sada shi da uwar Labbo inda ba rabuwa. Mu kuma da munka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.